IDAN MOTAR GAS TA RASA ƘARFI, KADA A YI GAGGAWAR ZARGIN TOBO

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk direban da ya taɓa ɗauko kaya daga Lafiya ko Akwanga ya nufi Jos, ba sai an gaya masa ko mene ne Hawan Kibo ba. Nan ne wurin da mota take faɗin gaskiyar lafiyarta, ko mai ita yana so ko ba ya so. A nan ne kuwa, cikin hunturun 2023, motar kawuna ta tona mana asiri muna ɗauke da doya, ni ina zaune a gefensa.

Motar a-kori-kura ce mai injin gas, irin mai tobo ɗin nan, wadda ya saya ta hannu. Mun taho lafiya lau har muka kama hawa. Sai na ga Kawu ya sauko daga giya huɗu zuwa uku, daga uku zuwa biyu, ya take totur har ƙasa, amma mota sai nishi take yi kamar jakin da aka labta wa kaya. Na duba madubi, sai na ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, har ba na iya ganin tirelar da ke biye da mu. Da giya ɗaya muka ƙarasa, yaron mota yana bin mu a ƙasa da ƙaton dutse a hannu, ko da za ta ce za ta koma da baya. Allah dai ya kiyaye.

Da muka isa Bukuru muka shiga wani gareji. Makanikin da ya tarye mu bai ko leƙa injin sosai ba. Ya saurari bayani, ya sa aka taka totur sau biyu, ya ce ai tobo ne ya mutu. Kawu ya tattara abin da ya samu na doyar, ya ƙara da rance, aka aika Legas aka sayo wani tobon na hannu, irin wanda ake ce wa ɗan Beljiyam. Kwana tara mota tana ajiye. Aka ɗaura, aka fita gwaji, sai ga ta jiya i yau. Sai aka ce to, nozul ne. Aka kwance su aka kai wa masu gyaran famfon gas, aka biya, aka mayar, nan ma babu labari. Daga nan sai aka fara zancen a sauke inji baki ɗaya.

Wannan labari ba na kawuna ne shi kaɗai ba. Duk mai zama da direbobi, ko a Mile 12 ne a Legas, ko a Sabo ta Badun, ko a 'Yankaba ta Kano, ya ji irinsa. Rashin ƙarfin mota kamar zazzaɓi ne a jikin mutum, cututtuka da yawa suna kawo shi. Wanda ya fara da canza abin da ya fi tsada tun bai bincika ba, to, caca yake yi da kuɗin mai mota. Hanyar da ta dace ita ce a bi abin daki-daki, a fara daga mai sauƙi mai araha, a bar tobo da cikin inji su zama na ƙarshe. Wannan ita ce hanyar da na gani da idona a wurin wani dattijon makaniki a Jos, wanda ya tsufa a gyaran manyan motoci, inda wani abokin Kawu ya kai mu ana saura kwana ɗaya a sauke injin.

YADDA ABIN KE AIKI

Kafin mu shiga garejin dattijon, ya kamata mai karatu ya san abin da ke gudana a cikin injin. Injin gas, wanda wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ya tayar da shi ya yi aiki sosai a 1897, ba shi da filogi mai tartsatsi irin na motar fetur. Iska tsagwaronta yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta koma kamar kashi 1 cikin 15 ko 20 na girmanta. Matsin nan yakan sa ta yi zafi fiye da digiri 500. A daidai lokacin ne nozul yake fesa mai, shi kuwa ya kama da wuta da kansa.

Ƙarfin inji ya dogara ne ga yawan man da ya iya ƙonewa sarai, shi kuwa mai ba ya ƙonewa sai da iska. To, nan ne tobo ya shigo. Wani injiniya ɗan ƙasar Switzalan, Alfred Buchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905. Farfela biyu ce a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta ɗaya, ita kuma ɗayar tana zuƙo iska ta ɗura wa injin da ƙarfi. Sandar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, a ƙananan motoci ma takan kai 200,000, kuma ba abin da ke riƙe da ita sai bushin da baƙin mai ke wanke shi kullum. Tun da yake iskar da aka matse takan yi zafi, sai a bi da ita ta cikin wani ɗan lagireto da makanikai ke kira intakula, ta huce kafin ta shiga inji.

An daɗe ana sa tobo a jiragen ruwa da manyan motoci kafin ya zo ga ƙananan. Mercedes-Benz 300SD ta 1978, wadda aka yi domin kasuwar Amurka, ita ce ƙaramar motar gas mai tobo ta farko da aka sayar wa jama'a, sai Peugeot 604 ta biyo baya a Turai a 1979. Mu kuwa a nan, tun da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, galibin 504 ɗin da suka cika titunanmu masu fetur ne, a kansu kuma da yawa daga cikin makanikanmu suka koyi aiki, watau duniyar kafireto da filogi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan tobo ya zama baƙo a gareji, kowa kuwa ya san baƙo shi ake fara zargi in an yi ɓarna.

A taƙaice, abu huɗu inji yake bukata: iska ta shiga, mai ya iso, matsi ya cika, hayaƙi ya fita. Duk motar da ta rasa ƙarfi, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya sami tangarɗa.

TAMBAYA KAFIN SIFANA

Abin da ya fara ba ni sha'awa da dattijon nan shi ne, ya yi kusan minti goma bai taɓa sifana ba. Ya zaunar da Kawu a kan benci, ya ce, "Alhaji, ba ni labarinta tun daga farko." Ya tambaya ko ƙarfin ya tafi ne farat ɗaya, ko kuwa a hankali ya riƙa raguwa. Ya tambaya ko an sha mai a baƙon wuri kafin abin ya faru, da ko motar tana tashi da sauri da safe, da ko ruwan lagireto ko baƙin mai yana raguwa, da ko wata fitila ta kama a gaban direba.

Kowace tambaya tana da dalili. Abin da ya auku farat ɗaya, yawanci wani abu ne ya tsage ko ya kuɓuce. Wanda ya zo sannu a hankali cikin watanni, toshewa ce ko cinyewa. Wanda ya biyo bayan shan mai, a fara duba man. Motar da ke tashi da bugu ɗaya cikin sanyin Jos, da wuya a ce matsinta ya lalace. Ita kuma wadda ƙarfinta ke ɗaukewa ana cikin tafiya, amma in an kashe an sake tayarwa sai ya dawo, wannan kwamfutar motar ce ta ga abin da ba ta yarda da shi ba, ta rage mai da gangan don ta ceci injin.

Sa'an nan ya tabbatar cewa laifin na inji ne. Kuloci da ya cinye yakan sa inji ya yi ta kururuwa mota ba ta gaba, direba ya zaci ƙarfi ne babu. Haka nan birkin da ya kama, wanda za a gane shi in an taɓa kusa da ƙafar motar bayan tafiya aka ji ta ɗau zafi fiye da sauran. Kada kuma a manta da lodin da ya wuce kima, domin motar da aka yi don tan guda in an ɗora mata biyu, ba makanikin da zai ƙara mata ƙarfi.

HAYAƘI BA YA ƘARYA

Da ya gama tambaya sai ya ce a shiga a ɗan zaga, ya sa yaronsa ya zauna a baya yana kallon salansa. Ya ce dole sai an gwada a kan hanya da hawa, domin tobo ba ya cika ɗura iska in mota tana tsaye ana taka totur a banza.

Hayaƙi kala uku ne. Baƙi yana nuna mai ya fi iska yawa, watau ko iskar ce ba ta isowa, ko nozul ne ke ɗiga maimakon fesawa. Shuɗi-shuɗi mai ƙauri yana nuna baƙin mai ne ke ƙonewa, ko daga tobo, ko daga ringin fistin, ko don an cika shi ya wuce alama. Fari mai yaji a ido gas ne da bai ƙone ba, saboda lokacin fesawa ya kauce ko matsi ya yi ƙasa. Fari mai kama da tururi kuwa, in ruwan lagireto yana raguwa, to, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Akwai kuma na huɗu, watau rashin hayaƙin sam, ga shi mota ba ƙarfi. Wannan yunwar mai ce, ko kuma kwamfuta ta rage shi. Sai dai a lura, sababbin motocin da ke da matatar hayaƙi a jikin salansa sukan ɓoye baƙin hayaƙi, saboda haka a kansu ba a dogara da ido kaɗai.

Kunne ma yana da nasa aikin. Tobo mai lafiya yana da ɗan fito siriri. In fiton ya koma kamar jiniyar motar asibiti, farfela ta sami rauni ko bushin ya cinye. In kuwa huci ake ji kamar an kwance bakin taya duk lokacin da aka taka totur a hawa, to, iska ce ke zurarewa ta wani wuri.

Motar Kawu baƙin hayaƙi take yi, da huci. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, kai da kake rubutu, me ka ji?" Na ce, "Baba, kamar iska ce ke fita." Ya ce to, mu je mu nemi ƙofar da take fita.

HANYAR ISKA

Ya fara da filtar iska. Da ya ciro ta ya buga a ƙasa, sai da muka ja da baya don ƙura. A ƙasarmu, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da hazo ke sauka, filta takan toshe tun kafin lokacin da masu ƙera mota suka ƙayyade. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa, ba a kuma hura mata iska mai ƙarfi, domin takan yage ta inda ido ba ya gani. Mafi muni shi ne abin da waɗansu direbobi ke yi na cire ta gaba ɗaya wai don mota ta sha iska. Rairayin da ya shiga zai goge fukafukan tobo kamar an sa musu sanfefa, ya wuce ya cinye ringi.

Daga nan ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, tun daga bakin tobo har intakula, daga intakula har inji. Ya ce wurin da iska ke zurarewa yakan bar shaida, domin iskar tana ɗauke da ɗan raɓar baƙin mai, sai ka ga wurin ya jiƙe ƙura ta manne. Ya kwanta a ƙarƙashin mota da tocila, ya sa hannu ya murɗa wani ƙaton tiyo da ke shiga intakula ta ƙasa, sai ga tsaga ta buɗe baki, tsawonta kamar ɗan yatsa, a ɓoye a bayan ƙarfen da ke ɗaure tiyon. In mota tana tsaye tsagar a rufe take. Da zarar tobo ya fara ɗura iska sai ta wage, iskar ta fice waje, famfo kuwa yana ta aika mai daidai da iskar da ba ta iso ba. Ga dalilin baƙin hayaƙi, ga dalilin huci.

Ashe an bar jaki ne ana ta dukan taiki. Tobon da aka cire lafiyarsa ƙalau, nozul ma haka. Kuɗin sabon tiyo da filta bai kai na man da muka sha daga Lafiya zuwa Jos ba.

Na tambaye shi me ya sa abin bai bayyana sosai ba sai a Hawan Kibo. Ya ce hawa da kaya su ke sa inji ya nemi iska fiye da kullum. Bugu da ƙari, Jos tana bisa tudu kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, iskar can ta fi ta Legas shaƙaf da fiye da kashi 10 cikin 100. Tobo mai lafiya yakan cike giɓin. Wanda iskarsa ke zubewa a hanya kuwa, can ne asirinsa zai tonu.

Inda ido bai ga tsaga ba, akwai dabara. A toshe bakin tiyon, a ɗura iska kaɗan da famfo, a shafa ruwan sabulu a mahaɗai da jikin intakula. Duk inda ya yi kumfa, nan ne.

HANYAR MAI

Da a ce ba a sami kome a hanyar iska ba, in ji dattijon, da sai ya koma kan mai. Filtar gas ita ce ta farko. Yawancin motocin gas suna da wani ɗan mabuɗi a ƙasan filtar don zubar da ruwan da ya taru. A tsiyaya a farar kwalba a ajiye minti kaɗan. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa, datti ma haka. A shinshina kuma, domin gas ɗin da aka gauraya da kananzir ba shi da santsin da famfo da nozul ke bukata, da shi ne kuwa suke samun maiƙo. Tun da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, kwaɗayin sayen na jarka a bakin hanya ya ƙaru, amma araha ba ta ado. Abin da aka rage a lita, shi za a biya ninkin-ba-ninkin a wurin mai gyaran famfo.

Iska ma takan shiga hanyar mai ta tsohon tiyo ko bakin filta da bai zauna daidai ba. In an sa guntun tiyo mai haske kafin famfo, za a ga kumfa tana wucewa. Akwai kuma rariyar cikin tanki da takan toshe, da murfin tanki da hancinsa ya liƙe har tankin ya kasa shaƙar iska.

A nan akwai gargaɗi. Tun daga 1997, lokacin da Alfa Romeo 156 ta fito da tsarin da makanikai ke kira kwamon rel, watau bututu guda mai tara mai yana raba wa nozul da umarnin kwamfuta, matsin man ya ninka na iskar tayar mota fiye da sau 600. Tsirin man da ya fito ta ƙaramar ɓula yana iya huda fata ya shiga jiki. Kada kowa ya laluba yoyon irin wannan bututu da hannu, kada kuma a sassauta shi inji yana aiki kamar yadda aka saba yi wa tsofaffin motoci. Hanyar gwada nozul ɗinsu ita ce a tara man da kowanne ke mayarwa tanki a 'yan kwalabe masu girma ɗaya. Wanda kwalbarsa ta riga sauran cika da nisa, shi ne mai laifi, ba sai an canza duka huɗun ba.

HANYAR HAYAƘI

Wanda aka toshe wa hanci ba ya gudu. Salansa da ta toshe ko ta lotse takan hana hayaƙi fita, tobo kuma ya rasa abin juya shi.

Motocin da ake shigo da su daga Turai suna da ƙarin abu biyu. Na farko bawul ne da ake kira EGR, mai mayar da wani kashi na hayaƙi cikin inji don a rage gurɓata iska. Kunkunniyar hayaƙin takan haɗu da raɓar baƙin mai ta zama kamar kwalta, ta ƙuntata hanyar iska, ko ta sa bawul ɗin ya maƙale a buɗe. Wankewa yake so. Na biyu matatar hayaƙi ce da ake kira DPF, wadda dokar Turai ta 2009 ta sa kusan kowace sabuwar motar gas ta ɗauka. Tana tara kunkunniya, in an yi doguwar tafiya sai ta ƙone ta da zafin da ya kai digiri 600. Motar da kullum tana cikin cunkoson Legas ko Kano ba ta samun wannan dama, sai matatar ta cika, kwamfuta ta rage ƙarfi.

Ingancin mai ma yana da hannu. An ƙera waɗannan motoci ne don gas mai farar wuta kashi 10 kacal cikin miliyan. A 2016 wata ƙungiya ta Switzalan mai suna Public Eye ta fito da rahoto game da gas mai yawan farar wuta da ake kawowa Afirka ta Yamma, lokacin da dokar Nijeriya ta yarda da har kashi 3,000 cikin miliyan. Daga baya ƙasashen ECOWAS suka amince a 2020 a sauko zuwa 50. Motar da ta yi shekaru tana shan tsohon man, ba mamaki a tarar da hanyoyin hayaƙinta sun yi kanta.

Waɗansu sukan fasa matatar su zubar da cikinta. Mota takan sami sauƙi, amma hayaƙin da take tarewa sai ya koma huhun mai tallar da ke bakin titi. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji. In ana iya wanke ta, wankewa ta fi.

KWAMFUTA DA TOBON KANSA

Motocin gas na Turai daga 2004 zuwa yau suna da wurin da ake jona na'urar gwaji ta kwamfuta. Tana da amfani ƙwarai, amma a san abin da take faɗi. Lamba P0299 tana nufin iskar da ake ɗurawa ba ta kai yadda ake so ba. Ba ta ce tobo ya mutu ba, tsagar tiyo irin ta Kawu ma ita za ta nuna. P0087 tana nufin matsin mai ya yi ƙasa, wanda filta mai datti kaɗai tana iya jawo shi. Na'urar unguwa take nunawa, makaniki ne zai nemi gidan. Haka kuma sansar da ke auna iska in ta yi datti, takan ba kwamfuta labarin ƙarya, ita kuma ta rage mai.

Kafin a taɓa tobo, a duba abin da ke sarrafa shi. Akwai ɗan ƙarfe mai buɗe ƙofar hayaƙi ko mai juya ƙananan fukafukan ciki, wanda a motoci da yawa siririn tiyo mai kaurin biro ke ja. In tiyon nan ya tsage, ko kunkunniya ta riƙe fukafukan, lafiyayyen tobo sai ya zama kamar babu shi.

Sai an wuce duk waɗannan ake zuwa ga tobon. A kashe inji, a bari ya huce, a cire tiyon bakinsa a haska. Fukafukan su kasance cikakku ba karaya. A kama kan sandar da yatsu a juya, ta juya sumul. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne muddin farfela ba ta gogar bango, amma motsi gaba da baya bai kamata a ji shi sosai ba. Raɓar baƙin mai a cikin tiyo al'ada ce. Mai da ya kwanta har yana zuba, wannan kam magana ce.

In ta tabbata tobo ne, a nemi abin da ya kashe shi, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu. Yawanci ƙarancin baƙin mai ne, ko daɗewa ba a yi juye ba, ko toshewar siririn bututun da ke kai masa mai, ko wani abu da ya faɗa bakinsa. A wanke intakula sarai kafin a tayar, domin injin gas yana iya shan baƙin man da ya taru a ciki ya yi ta gudu da kansa, ko an zare makulli ba zai mutu ba. In haka ta faru a mota mai kuloci, a sa babbar giya, a danne birki, a saki kuloci. Kada a kuskura a toshe bakin iska da hannu ko tsumma.

Matsi shi ne na ƙarshe. Wahalar tashi da safe, da hayaƙi mai yawa da ke bugowa in an buɗe murfin zuba baƙin mai, su ne alamunsa, akwai kuma agogon auna shi. Sai agogon ya yi magana ake sauke inji.

ABIN DA MAI MOTA ZAI RIƘE

Ba kowa ne makaniki ba, amma kowane mai mota yana da ikon tambaya. In an ce maka tobo ne, ka ce a nuna maka a jikinsa. Ka tambaya ko an duba filta biyun, ko an gwada tiyo, ko an tsiyayi man an gani. Makaniki na ƙwarai ba ya jin haushin wannan. Kada ka yarda a canza abu biyu a lokaci guda, domin ba za ka san wanda ya yi maganin ba. Ka karɓi tsohon kayanka ka ajiye.

Ka riƙa yin juye a kan kari da irin man da aka rubuta wa motar. Da safe ka ba inji ɗan lokaci kafin ka matsa masa. In ka sha doguwar tafiya ko ka gama hawa, ka bar shi yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, don kada man da ke cikin tobo ya ƙone ya daskare. Motar da ta fara rasa ƙarfi kuma, kada ka fita wuce wata da ita a hanya mai hannu biyu, domin ƙarfin da kake tsammani ba zai zo ba lokacin da kake bukatarsa.

Kawu ya yi wata huɗu yana biyan rancen nan. Tsohon tobon yana nan a ɗakinsa cikin buhu, lafiya lau, yana jiran mai saye. Motar kuwa ta hau Kibo ba sau ɗaya ba tun daga ranar, da giya uku, yaron mota yana zaune a kan doya. Allah ya kiyaye mana hanya, ya haɗa mu da masu gyara na gaskiya.